Gurbin Kakata a Kaset ɗin Iya Tasalla

Ku matso kusa, ku gyara zama, mai goyo ta lallashi ɗanta. Ba tatsuniya zan yi muku ba, babu kura a ciki babu zomo. Abu ne da ya faru a tsakar gidanmu, idona ya gani, kunnena ya ji.

Shekarar da sabulu da madara suka ɓace daga kasuwa ce, wadda 'yan boko ke kira ostariti, mu kuwa muka ce shekarar tsuke bakin aljihu. An gama girbin gero, dawa tana tsaye a gona ta sunkuyar da kai, ni kuma ban wuce yarinyar da ake aika rijiya da ƙaramin tulu ba. Da hantsi, washegarin kasuwar Getso, ina tsakar gidanmu a Gammo ina korar kaji daga shanyar kuɓewa, sai na ji sallama da wata murya mai kauri wadda ta ɗan dishe. Wata doguwar tsohuwa ce ta shigo, ɗauke da kwalla an naɗe ta da zane, tana takawa a hankali kamar ƙwai ta ɗauko. Innata ta saki muciya a tukunya, ta durƙusa har ƙasa. Aka yi ta gaisuwa, ina gajiya, ina mutan Getso, yaya aka ji da damina, yaya yara, yaya jikin, har na gaji da tsayuwa, ita kuwa baƙuwar ba ta yarda kowa ya sauke mata kwallar ba, sai da kanta.

Iya Tasalla ke nan, mai kiɗan ƙwarya. A zamanin nan, daga Kabo har Gwarzo, in an yi biki ko suna ba ta je ba, sai mata su ce taro dai aka yi. Ta yi waƙa tun kafin a haifi babana, ta yi har haƙoranta suka fara zubewa. A shekarar da nake ba ku labari numfashinta ya fara gajarta, tari kuma ya kama ta, ita ma ta san ta kusa ajiye ƙwarya. Sai ta ƙudura abu guda: kafin muryar ta tafi, za ta bi duk wanda ta taɓa yin waƙa da shi a duniya, su yi ɗaya tare, su biyu rak, a zuba a kaset guda. Ɗan ƙanenta Ɗanlami, mai gyaran rediyo a Gwarzo, shi ya ba ta rakoda yake raka ta. Sun je wata ruga wajen ƙauyen Jama'a ta yi da wata mai tallan nono, har kukan maraƙi ya shiga ciki. Ta yi da wani makaho mai garaya, ta yi da mai kalangun mahauta, ta yi ma da wata zabiya da suka shekara da shekaru ba sa ga maciji, aka sulhunta su saboda kaset ɗin. Fuska ɗaya ta kaset ɗin ta cika, ta biyun ma ta kusa, sai ɗan gurbi a ƙarshe. Wannan gurbin ta hana kowa. Ta ce na waƙar da ta fara yi a duniya ne, kuma da mutum ɗaya za ta yi ta: kakata.

Kakata, wadda ta haifi babana, sunanta Delu, amma a lokacin babu mai kiran ta haka sai Iya Tasalla. Tare suka tashi a Gammo, tare suka yi gaɗa a dandali, turmi ɗaya suka koyi daka a ciki. Da Tasalla ta yi aure a Getso ta shiga waƙa, Kaka ce babbar 'yar amshinta, shekaru masu yawa. Daga baya Kaka ta sayar da shanunta ta tafi Makka, ta dawo da haƙorin zinare da carbi, ta ce ta bar waƙa har abada. Ta kuwa bari. Ni dai na tashi ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai in akuya ta shiga rumfar girki. Abin da na sani kawai, in muna surfe ni da Inna, ita tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi, babban yatsan ƙafarta yakan yi ta motsi yana bin taɓarya.

A ɗakinta nake kwana, ni ce mai kawo mata ruwan alwala, ni ce mai goga mata goro a magogi tunda haƙori ya yi ƙaranci. Da safe in na dawo daga makarantar allo in share tsakar gida, in tsinto kara, in kai wa Baba fura gona, in dawo in kora awaki bakin fadama, inda muke yin 'yar carafke da ƙawayena har mu manta da su su shiga waken mutane. Wahalar shekarar ba ta dame mu ba, mu yara. An koma wanki da sabulun salo, an koma kunna fitilar man gyaɗa, kunu babu sukari sai tsamiya, amma dariya ba ta yi tsada a gidanmu ba, kuma rabin dariyar tsakanina da Kaka ake yin ta. Kun san wasan jika da kaka. Ita ta ce da ni mai ƙafar sauro, ni in ce da ita tsohuwa mai ran ƙarfe. Maganar da babana ba zai iya ko tunaninta ba, ni sai in faɗa mata tsaf, ta jefe ni da mafici, a wuce wurin.

To, ranar nan aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura, Ɗanlami ya tsaya a zaure wajen Baba. Iya Tasalla ta kwance kwalla, sai ga rakoda baƙa mai hannu kamar jaka. Ta faɗi abin da ya kawo ta, ba kwana-kwana. Kaka ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Tasalla, kin sha hanya, Allah Ya ba da lada. Amma bakin da ya yi addu'a a ɗakin Allah ba zai koma amshi ba." Iya Tasalla ta yi roƙo, ta haɗa ta da zumunci, ta tuna mata iyayensu da ke kwance a maƙabarta ɗaya. Ta ce, "Delu, ba ni da wata shekarar da zan dawo. Ki ji ƙirjina." Kaka ta sunkuyar da kai, carbi yana ta tafiya a hannunta. Inna ta tashi ta shige rumfa don kada a ga idonta.

Nan ne bakina ya yi abin da ya saba. Na ce, "Iya, ƙyale ta. Mantawa ta yi, shi ya sa take fakewa da Makka. Tsufa ya cinye waƙar." Kaka ta ɗago ta harare ni. Iya Tasalla kuwa ta dube ni, ta dube ni, sai na ga gefen bakinta ya motsa. Ta ce, "Ashe gidan da sauran mai baki. To ke za ki hau gurbin kakarki. Ɗauko taɓarya."

Waƙar ta lugude ce, ba a yin ta a zaune. Mutum biyu ne a turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya waccan ta ɗaga, mai tambaya ta jefa baiti, mai amsa ta cafe kafin taɓaryarta ta sauka. Iya Tasalla ta koya mini baitocin a gurguje. Ita za ta ce, "Wa ya aiki tsuntsu gonar gero?" ni in ce, "Ni ban aika ba, yunwa ta kai shi." Ta ce, "Wa zai kore shi, rana ta take?" in ce, "Bar shi ya ci, mai gonar na barci." Na ji abin da sauƙi, kaina ya kumbura, har na hango ana jin muryata a kasuwar Gwarzo. Ɗanlami ya aiko daga zaure cewa a yi hattara, batir ya yi wuyar samu, waɗanda ke ciki su ne na ƙarshe, kuma sun sha shanya a rana, kada a yi ta sakewa. Aka nuna wa Inna maɓallai biyu da za ta danna tare. Aka zuba gero a turmi, aka yayyafa ruwa, aka ajiye rakodar a kan kujera 'yar tsugunno. Inna ta yi bisimilla ta danna.

Jama'a, ban taɓa sanin hannu da baki suna iya yin gaba da juna ba sai ran nan. In na kula da taɓarya sai baiti ya tsere, in na kamo baiti sai taɓaryata ta sauka a kan ta Iya Tasalla, ƙwas! Gero ya yi tsalle ya watse, kaji suka yo gudu daga ko'ina. Daga ƙofar ɗaki na ji Kaka ta ce, "Jira ta sauke tukuna." Na jira, na wuce lokaci. Ta ce, "Ba haka ake jan ƙarshen ba, ke kam kamar ana yanka tunkiya." Iya Tasalla ko a jikinta, ta ci gaba da jefo mini baiti, ni ina ta kwaɓawa da iya ƙarfina, don ni a ganina daidai nake yi. Da na zo kan mai gona na barci, sai na ƙara wani karkaɗa murya na kaina don in burge. Ban rufe baki ba na ji an fizge taɓaryar daga hannuna. Kaka ce. Ta rataya carbi a wuya, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta ture ni gefe da gwiwar hannu ta ce, "Matsa, mai ƙafar sauro, kada ki kashe mana waƙar a gabanmu."

Abin da na gani daga nan ban ƙara ganin irinsa ba. Taɓarya biyu suka dinga shiga suna fita kamar hannu ɗaya ne ke riƙe da su. Muryar Kaka ta fito siririya, garau, ta hau kan kaurin ta Iya Tasalla ta zauna daram. Inda numfashin Iya Tasalla ya gaza, Kaka sai ta riga ta shiga ta rufe wurin, ba ka gane an yi rami. Suka bi baitocin da aka koya mini, suka wuce zuwa waɗanda ban taɓa ji ba, suna zolayar samarin da suka daɗe da mutuwa. Can sai Kaka ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ta bugi gefen turmi, Iya Tasalla ta rama. Matan maƙwabta suka leƙo ta kan danga, wata ta rangaɗa guɗa. Ba su tsaya ba sai da rakodar ta yi ƙas, kaset ya ƙare.

Wannan ƙarar ce ta dawo da Kaka hayyacinta. Ta dubi rakodar, ta dubi Inna. Iya Tasalla tana haki, ta dafa turmi ta ce, "Delu, injin ya ɗauka. Ba zan cuce ki ba. In kin ce a goge, yanzu Ɗanlami zai goge, in koma Getso da gurbina." Kaka ta daɗe tana kwance gyalen daga ƙugunta. Sannan ta ce, "Abin da na bari shi ne yawon gidajen biki da karɓar liƙi, kuma na bar shi. Wannan kuwa geron gidana na surfa da ƙawata. A bar shi." Ta juyo gare ni: "Amma a goge na wannan, kada a ce a gidanmu aka haife ta." Ba a goge ba. Iya Tasalla ta ce ai shi ne ƙofar waƙar.

Bayan sallar layya Ɗanlami ya aiko mana da namu kaset ɗin. Baba ya aro rakoda mai sabon batir, gida ya cika. Aka ji mai nono, aka ji mai garaya, aka zo kaina aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Sai muryar Kaka ta shigo. Da farko muryoyin nasu ne sak, na tsofaffi biyu, amma da waƙar ta yi nisa sai suka fara sauri suna sirancewa. Ashe a ranar ɗauka batir yana mutuwa ne, injin yana jan kaset a hankali, da aka sa shi a mai ƙarfi sai ya zabura. Kafin a kai ƙarshe, wallahi 'yan mata biyu kake ji a bakin turmi, suna waƙa suna ƙyalƙyala dariya. Baba ya ce a mayar a gyara. Kaka ta ce kowa ya taɓa shi ba ta yafe ba.

Iya Tasalla ba ta ga damina ta biyu ba, Allah Ya jiƙanta. Kaset ɗinta ya zaga kasuwanni, direbobin akori-kura suna sa shi a hanyar Gwarzo. Ɗanlami ya bar gyaran rediyo ya koma sayar da taki, yanzu jikokinsa ne a shagon. Inna ta rasu a ɗakina, a Kabo, inda na yi aure. Kaka kuwa ta yi tsawon rai, har ta ga shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, lokacin da kiɗan biki ya ja baya, mutane da yawa suka tattara kaset-kaset ɗinsu suka ajiye. Ita ba ta ƙara yin waƙa ba ko sau ɗaya, amma nata yana ƙarƙashin matashinta, kuma in na je gaishe ta, bayan ta idar da walaha, takan ce, "Sa mini yaran nan in ji." A shekarar nan ta shari'a Allah Ya yi mata cikawa.

Ni ce na rage, ga shi har an fara ce mini tsohuwa mai ran ƙarfe. Yanzu inji ke surfe, inji ke niƙa, turmin gidanmu sai dakan yaji. Jikokina suna da waƙoƙi cike da waya, sun fi na Iya Tasalla yawa nesa ba kusa ba, amma kowacce ta toshe kunnenta tana ji ita kaɗai, tana gyaɗa kai. Ba na hana su. Nakan dai zauna ina kallon su, ina neman wadda za ta ɗago ta jefa wa 'yar'uwarta baiti.

Mu a zamaninmu, waƙa sai da wadda za ta amsa maka.