Giwayen Mista Raman

Har yau ban manta da ranar da aka tura mu wani gida a unguwar Dokki ba, a shekarar 2013, lokacin da baƙi ke ta barin Alƙahira. Ina karatun addini a unguwar Darrasa, ina kuma aiki da wani kamfanin ɗaure kayan masu komawa ƙasashensu. Dokarmu mai tsauri ita ce abu mai laima ba ya shiga akwati, don zai yi fumfuna a jirgin ruwa ya ɓata sauran kaya.

Mai gidan wani tsoho ne ɗan Indiya, Mista Raman. Matarsa ta rasu a nan, ya rage shi kaɗai. Muka kwashe komai sai wani sassaƙen dutse, mace a zaune, giwaye biyu na zuba mata ruwa da dogon hancinsu. Dutsen a jiƙe yake sharkaf.

Usta Hamdi, shugabanmu, ya ce, "Yalla ya Sani, yi maza goge shi mu tafi."

Tsohon ya tare ni. "Ba a sa masa tsumma, ɗana. Da kansa yake bushewa."

Usta ya ce, "Khalas, shi ke nan, zauna. In ya bushe ka kawo shi sito a tasi. In bai iso yau ba, ya zama ɗan Masar."

Suka tafi. Ga ni ɗalibin tauhidi, an bar ni da gadin gunki.

Muka zauna a ƙasa, tunda kujera ko ɗaya babu. Tsohon ya ce a wurin masassaƙansu na dā, giwa hadari ce mai kawo ruwa da albarka, shi ya sa matarsa ke zuba wa dutsen ruwa kowace safiya tana raye. Sai kewar gida ta kama ni, don rabona da ganin damina tun da na baro Zariya. Na gaya masa haka, ya gyaɗa kai.

Da dutsen ya bushe na sauka ɗauko bargon naɗi. Ina dawowa na tarar da shi jiƙe kuma, ga kofi a hannun tsohon, ya ƙi haɗa ido da ni.

Na ajiye bargon na koma kusa da shi na zauna. Sai dab da magariba muka rufe akwatin, na isa sito ana shirin kullewa.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin shiga wannan aiki, kada ku yi wa kayan ƙarshe gaggawa. Wani mai gidan, in kuka fita, ba shi da wanda zai sake ce masa sannu.