Kifin da Ba a Fizga

A zamaninmu yaro ba ya neman tatsuniya, ita ke iske shi a bakin wuta. Yanzu kuwa, a gidan ɗana Nasiru da ke can saman bene a unguwar Taman Melati ta Kuala Lumpur, wutar da ke gidan kaf ita ce ta gas ɗin kicin, kuma ba mai zama a gabanta. Yaran yau sun fi mu labarai, sai dai kowa nasa na cikin kunnensa.

Ni a gidan masunta na tashi, a wani ƙauye na bakin kogin Haɗeja. Kakata, Iya Dije, ita ke yi wa gidan banda. Da an idar da magariba sai ta jera tarwaɗa da karfasa, ta zauna tana lallaɓa itace, don hayaƙi ake so, ba harshen wuta ba. Aikin ba ya son gaggawa, shi ya sa take da lokacinmu. Mu kuma kan kifin da ya gutsure muke jira, kuma ta sani sarai.

"Maigida," haka take tsokanata, "kai ko cefane ba ka yi, amma kullum kai ne a gindin murhu."

Ba ta buɗe tatsuniya irin ta sauran tsofaffi. Sai ta wurga hannu kamar mai jefa igiya ta ce, "Na jefa fatsa." Mu amsa, "Allah ya sa ta ci." In wani ya ƙi amsawa, to, ranar sai dai mu ci kifi mu tashi.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta ’yar masuncin da mutanen ruwa suka ɗauke, suka mayar da ita kifi mai baki sirit kamar ɓawon albasa. Uban ya yi kuka har ya gaji, ya koma bakin kogi da fatsa. Yarinyar ta gane igiyar gidansu, ta zo ta kama. Da ya ji motsi sai ya fizga da dukkan ƙarfinsa, don yana son ’yarsa. Leɓenta ya yage, ta nutse. Washegari ma haka. Kullum tana ƙara nisa da gaɓa.

Daga ƙarshe kakar yarinyar, tsohuwa mai rawar hannu, ta karɓi sandar. Da ta ji an kama, ba ta ja ba. Kifi ya yi gabas, ta saki igiya ta bi gabas. Ya yi yamma, ta bi shi tana hira da shi, tana ba shi labarin akuyar gida da ta haihu da wanda ya fasa randa. A haka har yarinyar ta biyo muryar zuwa inda ruwa bai wuce idon sawu ba, ta miƙe mutum. Amma har ta tsufa maganarta na haɗe da kalmomin mutanen ruwa, ’yan gari suna ta yi mata dariya.

Nan muke tayar da rigima. "Iya, ai ba ta warke ba ke nan!"

Sai ta juya kifi ta ce, "Ta dawo ko ba ta dawo ba? To, ku rufe mini baki."

Aiki ya kai ni ƙasashe, na ga kamun kifi iri-iri. A Masar na ga masu jefa birgi kamar namu. A Amurka wani abokin aiki ya kai ni wani tafki kamun kifin da suke kira kirafi, wani faffaɗa mai ɗigo-ɗigo, ga zaƙin nama. Na ji ya ci, na ɗaga sanda irin ta ɗan masunta, sai ƙugiya ta fito fayau. Ya yi dariya ya ce ai wannan kifin bakin takarda suke ce masa, in ka fizga ka rasa. Na tsaya ina mamakin yadda kifin Iya Dije ya riga ni zuwa Amurka. A lokacin abin dariya kawai na ɗauke shi.

Bara na je Kuala Lumpur duba Nasiru, wanda ke karatun digiri na uku. ’Yarsa Hanan a nan ta yi wayo. Tana jin Hausa, amma da Turanci ko Malay, yaren mutanen garin, take amsawa. Ranar da na sauka ta rugo tana cewa "Atuk!", wato kaka a bakinsu. Nasiru ya ji kunya a gabana, ya ɗaure fuska.

"Ke, wane irin Atuk? Durƙusa ki gaida Alhaji da Hausa."

Ta gwada, harshe ya karye, ya gyara mata. Ta sake, ya sake gyarawa. Kafin mako ya zagayo yarinyar ta daina magana in ina falo. Sai ta ajiye mini ruwa ta wuce ɗaki. Ga shi zamana ba mai tsawo ba ne, kuma a shekaruna ba na cika alkawarin sake zuwa. Na ga zan koma gida ban san muryar jikata ba.

Wata Asabar na ce a kira mana mota, ni da ita za mu je kududdufin da mutanen nan ke zuwa fatsa a ƙarƙashin rumfar kwano. Da muka isa muka zauna, na sa mata abinci a ƙugiya, na miƙa mata sanda. Can igiya ta motsa, ta zabura za ta fizga, na riƙe hannunta.

"Saki, Hajiya. Saki kaɗan."

"Saki?" ta maimaita, tana kallon ruwa.

Ta saki. Karfasa ce ’yar ƙarama, amma ta fito. Muna cikin murna ruwan la’asar ɗin garin nan ya kece, muka matsa tsakiyar rumfa. Na ga ba inda za mu, sai na wurga hannu na ce, "Na jefa fatsa."

Ta dube ni. Ba ta san amsar ba, kuma tana tsoron kuskure. A hankali ta ce, "Boleh."

Wato za a iya, bismilla. Da Iya Dije ce, da ta kore ta. Ni na karɓa, na fara tatsuniyar ’yar masunci. Inda Hausa ta ɓace mata na cike da Turanci, inda Malay ɗina na kasuwa ya isa na sa shi, tana yi mini dariya tana gyara mini. Da na gama sai ta ce, "Atuk, baban yarinyar mugu ne?"

"A’a. Sonta ne ya yi masa yawa a hannu."

Da yamma muna cin abinci ta hau ba iyayenta labarin, Hausa na tafe tana tuntuɓe da Malay. Ta ce "kifi ta", ta ce "kakan ya". Na ga Nasiru ya buɗe baki, sai na dafa gwiwarsa ta ƙarƙashin tebur.

"Baba, ai in ba a gyara ba…"

"Ci abincinka, Nasiru. Magana take yi."

Ya koma kan abincinsa har ta kai ƙarshe.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar ta kamun kifi ce. Sai da na tsufa na gane abin da ya sa Iya ta ƙi warkar da harshen yarinyar: wanda ya zauna a wani ruwa ba ya dawowa yadda ya tafi, kuma mai jiran haka zai yi ta jira a bakin gaɓa shi kaɗai. Hanan ba za ta taɓa yin Hausar bakin kogin Haɗeja ba, wannan ta tafi tare da masu ita. Amma tun daga ranar ta daina ɓuya a ɗaki, kuma yanzu ita ke fara kirana a waya.