Fayil Ya Ce Ta Rasu

Shekara goma sha tara Inna mai shara ta yi tana goge gilashin wani hoto a ofishin wata ƙungiyar yaƙi da talauci. Yana rataye a ɗakin taro: wata ramammiyar mace a bakin ƙofar langa-langa, rungume da jariri. Inna ce, tun kafin ta samu aikin. Jaririn ɗanta ne na fari, ya rasu wata biyu bayan ɗaukar hoton. Ba ta da wani hotonsa. Babu wanda ya taɓa gane ta, ita ma ba ta faɗa ba.

A ƙarƙashin hoton ake taro. Tana kwashe kofuna tana jin su: talauci ba lalaci ba ne, tsari ne ya karkace, a ƙara wa masu hali haraji, a saurari talaka da bakinsa. In suka ce talaka, sai su ɗaga kai su dubi bango.

Bana aka kawo sabuwar shugaba, Dakta. Ta ce hotunan ban tausayi suna zubar da mutuncin mutane. A sauke su, a mayar wa masu su. Wanda ba a samu mai shi ba, a sa shi a injin yayyanka takarda, kada ya faɗa hannun wani.

Inna ta jingine tsintsiya ta shiga ofishin Dakta.

"Ranki ya daɗe, na ɗakin taro nawa ne."

"Kin saba da shi, ko Inna? Ni ma zan yi kewarsa."

"A'a. Ni ce a ciki."

Dakta ta sa sakatare ya ɗauko fayil. An rubuta cewa matar ta rasu. Ma'aikacin da ya koma unguwar a wancan lokacin ya rubuta rasuwar a layin uwa maimakon na ɗa.

"To Inna, wa ke mana shara duk shekarun nan?" in ji sakatare. Shi kaɗai ya yi dariya.

Dakta ta daɗe tana kallon hoton. Ta dubi Inna sau ɗaya.

"Ba ƙaryata ki nake ba. Amma baiwar Allahn nan ba ta nan balle ta ba da izini. Dole mu kare ta."

Ranar Alhamis da hantsi aka sa hoton a injin. Zubar da kwandon injin aikin Inna ne.

Yanzu siraran takardun suna kan faranti a ɗakinta, tana jera su da tsinke. Ta haɗa kunnen jaririn, goshinsa, da ido ɗaya.

"Yaya, rufe abin nan, bin mutum yake da kallo," in ji ƙanwarta da suke ɗaki ɗaya.

Na fuskar matar kuwa ta ware su a leda, ta ɗaure.

"Wannan ba sauri," in ji Inna. "An ce ta rasu."