Taranzisto Biyu da Muryar Arɗo

Ban taɓa mantawa da ranar da Mushe Abdu, shugaban ma'aikatar dabbobi ta Dakoro, ya shigo ɗakin radiyo ya buɗe baki zai gaishe ni murya ta ƙi fita ba. Daga kasuwar Sabon Maci ya dawo, inda ya wuni yana ɗaga murya a tsakiyar shanu da mutane. Na ba shi ruwa ya sha, ya zauna a kan akwatin batir.

A lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Ni ne mai kula da radiyon biro, ofishin kumandan mai mulkin yankin, wato na'urar da ake magana da Maraɗi da ita safe da yamma. Muƙamina ƙarami ne. Aikina in tayar da inji in cika batir, in gyara waya in iska ta tsinke ta, in karɓi saƙo in kai wa sakatare. Mutanen gari kuma sun san ina taɓa gyara, don haka duk radiyon da ya mutu a Dakoro ɗakina ake kawo shi.

Abin da ya dushe muryar Mushe Abdu shi ne cutar bushiya. Ku yaran yanzu ba ku san ta ba, amma a da in ta shiga garke sai makiyayi ya koma gida da sandarsa kawai. Gwamnati ta kawo allura kyauta. Tsarin shi ne a tara shanu a shinge, a yi wa kowace allura, a ɗan yanki gefen kunnenta don a san an yi mata. To, yankan kunnen nan ya jawo magana. Wasu suka ce ƙidayar jangali ce a ɓoye, wasu suka ce allurar na sa saniya ɓari.

"Isuhu," ya ce da raɗa, "in na hwaɗi magana a gaban taro, kahin ta kai baya ta zama wata. Na ce kyauta, na baya ya ji an ce haraji. Ina son abin da kowa zai ji da kunnenshi lokaci guda."

Na ce, "Shef, akwai ampilin da Turawa suka bari, na'urar ƙara murya."

"Wanda sai an ɗauki inji? In injin nan ya tashi, ba saniyar da za ta tsaya."

Gaskiyarsa. Tsohon ampilin na ƙwan fitila ne, ga nauyi, ga cin wuta, kuma hanyar rairayi na fasa ƙwayayen. Ya riga ya nemi sabo daga Maraɗi, an ce ya jira. Jiran ne babu, don bazara ta yi nisa. Makiyaya na tare a rijiyoyin Bader Goula, da ruwan farko ya sauka za su watse arewa, cutar kuwa ta bi su.

Lokacin da muka yi horo a Yamai an nuna mana taranzisto, an ce shi zai gaji ƙwan fitila. Ɗan abu ne, ba ya son inji, batirin mota ya ishe shi. Ina da zanen ampili a littafin horon, amma ban taɓa haɗa shi ba. Na gaya wa Mushe Abdu haka ba ɓoye. Ya je ya ga kumandan, kumandan ya ce in yi, muddin ba zan taɓa radiyon biro ba.

Ampili irin wannan yana son taranzisto iri biyu. Ƙanana su ke karɓar murya daga mikro su ɗan ƙara ta. Manya guda biyu su ke ɗaukar nauyin tura ta cikin amsa-kuwwa. Ƙananan ba su ba ni wahala ba. Na bi masu matattun radiyon da ke ɗakina gida-gida na nemi izini, ba wanda ya hana. Na ciro su da ƙarfen dalma da nake ɗumamawa a garwashi, ina riƙe ƙafar kowane da filaya don kada zafi ya shige shi. Na auna su ɗaya-ɗaya. Yadda nake yi, in haɗa shi da mita, in matse shi tsakanin yatsuna. Wanda allurar mita ta ɗan motsa ta tsaya, na ajiye. Wanda ɗumin hannuna kawai ya sa allura ta yi ta hawa, na jefa a gwangwani, don abin da ya kasa ɗumin hannu ba zai iya da ranar Dakoro ba. Na kusa da mikro kuwa da kunne na zaɓe shi, wanda ya fi ƙarancin shuuu.

Manyan ne babu. Direbanmu ya zaga kantunan Maraɗi bai samu ba. Sai na tafi wurin Elhaji Nomau, ɗan kasuwar hatsi da ke kai wake Kano ya dawo da kaya. Sa'an babana ne, kuma mutum ne mai son sabon abu. Shi kaɗai ke da ƙaramar mota mai radiyo a garin, ya saye ta hannun wani Bature da zai koma gida. Na kwatanta masa siffar abin, kamar 'yar hular ƙarfe mai kunnuwa biyu, na rubuta masa lambar a bayan kwalin ashana.

Da ya dawo ya aiko aka kira ni, ya miƙo mini gwangwanin taba. Guda shida ne a ciki, lambobin wasu sun goge.

"Mai shagon ya ce duk ɗaya ne," in ji shi.

Ba ɗaya ba ne. Biyu matattu ne. Ɗaya na wani jinsi ne da ke shan wuta ta baya, ba zai shiga zanena ba. Saura uku: ɗaya mai ƙarfi sosai, biyu matsakaita amma allura na tsayawa kusan wuri guda a kansu. Na ware matsakaitan. Elhaji, da ya biyo ni ɗakin don ya gani, ya ce, "To don mi ka bar ƙaƙƙarhwan?"

Na ce, "Baba Elhaji, aikin nasu kamar mata biyu ne a turmi guda. Wannan ta ɗaga, waccan ta sauke. In ɗaya ta hi ɗaya ƙarhi da sauri, taɓare za su haɗu, hatsi ya zube."

Ya gyaɗa kai ya ce wannan ya gane.

Na haɗa komai a kan katako cikin akwatin sabulu. Amsa-kuwwar ta tsohon ampili ce, mai baki kamar kakaki. Da hantsi muka gwada a bakin biro. Mushe Abdu ya yi sallama a mikro, sai ga mata a bakin rijiya can nesa suna amsawa. Muka yi ta murna, masu gadi na karɓar mikro suna kiran sunayen abokansu. Rana ta take, akwatin na kan mota. Sai na ji murya ta fara karcewa. Kafin in kai hannu ga waya, wari ya tashi. Ɗaya daga cikin biyun ya ƙone.

Taranziston wancan zamani haka yake. In ya yi zafi sai ya ƙara jan wuta, in ya ja wuta ya ƙara zafi, har ya kashe kansa. Littafin ya ce a ɗaura shi a kan ɗan faranti mai janye zafi, na kuwa ɗaura, amma wanda ya rubuta littafin ƙasarsu da sanyi. Na zauna ina kallon akwatin. Elhaji ba zai koma Kano ba sai bayan kasuwanni, gabas kuma ta fara haɗa gajimare da yamma. Mushe Abdu bai yi mini faɗa ba. Ya ce kawai, "Akwai dabara ko in shirya maƙogwarona?"

Akwai wuri guda da na san irin abin nan yake a Dakoro, don na taɓa buɗe shi: radiyon motar Elhaji. Na daɗe ina juya maganar, don na san yadda yake ji da shi. Kullum bayan la'asar yakan buɗe ƙofofin motar a ƙofar gida, dattawa su zauna a tabarma a ji labarai. Na dai daure na tafi, na durƙusa na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce zan sa masa ƙaƙƙarfan nan a madadi, tunda radiyon mota guda ɗaya yake so, amma ban yi masa alkawarin muryar za ta dawo kamar da ba.

Ya ja carbinsa. Can ya ce, "In ka ɓata hwa?"

"In na ɓata, na ɓata, Baba. Ba ni da wani."

"Shanun gidanga duk suna hannun Hilanin Bader," ya ce. "Har da na marayun ƙanena. Tashi ka cire, tun ban sake shawara ba."

Na cire, na auna. Bai zo daidai da nawa ba, amma ya yi kusa, sauran bambancin na cike shi da 'yar wayar da na naɗa a ƙafar kowanensu don su raba nauyi. Radiyon Elhaji ya tashi da ƙaƙƙarfan, sai dai in rana ta yi yakan ɗan yi kakari. Shekara da shekaru yana tsokanata da cewa na sa wa motarsa mura.

Saura maganin zafi. Na je wurin Ɗan Jimma, maƙerin da ke zuba tukwanen sanholo a bayan kasuwa. Na ce ina son faranti mai kauri, bayansa da haƙarƙari don iska ta ratsa. Muka zana shi a ƙasa, ya gyara mini tazarar haƙarƙarin yadda zubi zai fita, ya narka wata tsohuwar tukunya ya zuba. Na goge fuskar har ta yi santsi, na ɗaure taranzistocin da kusoshi, da ɓawon mika, wani siririn dutse mai kamar gilashi, a tsakani don kada wuta ta bi farantin. Na rage wutar da suke ja in ba a magana. Na kuma yi wa akwatin rumfa da jiƙaƙƙen buhu, kamar yadda ake wa salka. Wannan karon da tsakar rana na gwada, a kan motar, na bar masu gadi suka yi ta surutu har suka gaji. Farantin ya yi zafi, amma hannu na iya zama a kai.

Muka isa Bader Goula da safe. Ban taɓa ganin shanu da yawa haka ba. Mutane sun tsaya nesa da shingen, kowa ya rataya sanda a kafaɗa yana kallonmu. Mushe Abdu bai fara magana da kansa ba. Ya kawo wani dattijo, Arɗo Maunde, wanda ya yarda aka yi wa garkensa allura bara a wani wuri, kuma cutar ta ratsa maƙwabtansa ta bar shi. Kowa na girmama shi, amma tsufa ya cinye muryarsa, in yana magana sai ka sunkuya.

Arɗo ya dubi mikro ya ce shi ba ya iya ihu. Mushe Abdu ya ce, "Baba, ba ihu za ka yi ba. Yi magana kamar kana kan tabarmarka."

Ya yi gyaran murya. Gyaran muryar ya fita ta kakakin, shanu suka ɗaga kai. Abin ya ba shi dariya, dariyar ma ta fita, sai taron duka ya ɗauka. Daga nan ya fara da Fulatanci, a hankali. Ba na jin yaren sosai, kuma hankalina na kan farantin, tafina a kai, ina yayyafa wa buhu ruwa. Amma na ga mutane na matsowa. Wani daga baya ya ɗaga murya ya yi tambaya a kan jangali. Arɗo ya maimaita tambayar a mikro yadda kowa zai ji, Mushe Abdu ya amsa da Hausa, wani Buzu mai raƙuma ya karɓi mikro ya juya wa nasu. Ba wanda ya ji ta bakin wani.

Garken farko na wata tsohuwa ne, 'yan shanu kaɗan, ta koro su da kanta. Bayanta layi ya kama. Ba duka suka yarda ba, na ga wasu sun kaɗa shanunsu sun yi arewa tun kafin azahar. Amma masu allura sun yi aiki har hannuwansu suka sage, muka ƙara kwanaki a wurin. Daga can akwatin ya je Birnin Lalle, ya zaga rijiyoyi da kasuwanni, daga baya har ma'aikatan lafiya suka riƙa aron sa.

Da za mu tashi, Arɗo ya ce in buɗe masa ya ga mai maganar. Na ɗaga buhun na nuna masa. Ya duba da kyau, ya ce, "Waɗanga 'yan biyun?" Ya taɓa farantin da bayan yatsa ya janye. "Ɗana, sun sha aiki. Kai su inuwa."

Abin da na koya a aikin nan, wanda nake so ku riƙe, shi ne kada ku yarda da lambar da ke jikin kaya ko da maganar mai shago, ku auna da hannunku. Ku gwada abu a cikin ranar da zai yi aiki, ba a inuwar ɗaki ba. Kuma in kaya ya yi wuya, kada ku zauna jiran babban gari. Ku tashi ku shiga cikin mutane ku faɗa musu gaskiyar abin da kuke nema da abin da zai iya ɓaci. Ni dai duk ƙofar da na ƙwanƙwasa a Dakoro a kan aikin nan, an buɗe mini.