Ƙofar da Mala Ashemi ya auna da roba

Duk wanda ya san Mala Ashemi a Lafiya, da babbar riga mai sitaci ya san shi. Tsohon masinja ne, amma in yana tafiya sai ka rantse shi ke sa hannu a takardun gwamna. Ni maƙwabciyarsa ce, katangarmu ɗaya, na san abin da ke bayan zauren nan nasa mai fenti. Ɗakuna biyu damina ta cinye, saura guda, shi ma buhu ne labulensa. Ba ya yarda namiji ya wuce zaure. Mutane na cewa tsananin kulle ne. Ina fa.

Shekarar da aka ba mu jiha kowa ya koma ƙofar ƙarfe. Matarsa Suwaibatu ta ce ta gaji da akuya na shigar mata ɗaki. Ga Ɗanmusa mai walda a bakin layinmu, amma shi ba ya yanka ƙarfe sai ya shiga ya auna da hannunsa. Mala ya ce aikin Ɗanmusa ba ya ƙarko. Ya kwance robar ɗaure kaya ta babur, ya ja ta iya ƙarfinsa a bakin ɗaki, ya ƙulla alama, ya tafi har garin Agyaragu wurin wani mai walda da bai san shi ba. Roba kuwa da aka sake ta, ta koma gidan jiya.

Abin da bai lissafa ba, ƙofar ƙarfe ba ta shiga gida da ƙafarta. Da a-kori-kura ta sauke ta, mazan da ke zaman majalisa a layinmu suka taso taimako, Ɗanmusa a gaba. Mala na cewa a bari, a bari, har sun wuce zaure.

Sai ga kango a gabansu. Aka jingina ƙofar, ga ta iya ƙirjin mutum.

Ɗanmusa bai dubi kangon ba, ƙasa ya duba. Ya ce, “Kawu, gobe zan zo in ƙara mata tsawo.”

Ya zo kuwa, wasu suka biyo shi da bulo ba wanda ya roƙe su. Suwaibatu ta samu ƙofarta. Mala dai tun ranar ta bayan layi yake zagayawa zuwa masallaci. Rigar tana nan da sitacinta, wuyan ne ya lanƙwashe.