Na ga kabarin Malam a kan tebur a Zariya

Ana sallame sallar asuba muka bar Abakpa, ni da ƙanin marigayi maigidana, Malam. Ni ban san baƙi ba, faɗa nake ana rubutawa.

Tun rasuwar Malam ƙanin nan nasa ya matsa a ciro ɗana daga jami'a ya riƙe rumfar kafinta ta ubansa. Cewa yake karatun duwatsu da kwari ba ya ciyar da gida. Na ce to, mu je ya gani da idonsa kafin a yanke magana.

A Kawo muka shiga mota. Kuɗin mota ya tashi tun da aka bar sule aka koma kobo, amma kujerun suna nan da taurinsu. A Katabu muka sayi dafaffiyar gyaɗa, wadda Malam ba ya wuce ta. Na kasa ci, na yi ta kuka, wata mata tana ba ni haƙuri tana cinye gyaɗar.

Da hantsi muka isa jami'ar a Zariya. Yaron ya kai mu wani ɗaki cike da duwatsu, kowanne da 'yar takardarsa kamar marar lafiya a asibiti. A tsakiya ga tebur, an gina ƙasar Kaduna da yumɓu, tudu da kwari. Shi ya auna, shi ya gina.

Na sa yatsa na bi kogi, na hau arewa, na gane rafin bayan gidanmu. Kusa da shi ga tudun maƙabarta. Na ce, "Nan Malam yake." Yaron ya ce, "Nan ne, Inna."

Sai ya tsiyaya ruwa daga buta. Ruwan ya gangara ya taru a wani lungu. Ya ce, "Baffa, gonarka ta Katabu ke nan. Ka daina sa masara, ka sa shinkafa." Baffan, da ruwa ke cinye masa masara duk damina, ya tsuguna yana kallo har ruwan ya tsane.

A mota, a hanyar dawowa, da muka wuce Katabu sai Baffan ya juyo gare ni. Ya ce, "Matar yaya, a bar shi ya gama. Ni zan riƙe rumfar."

Kafin magariba muna gida. Na koyi cewa mai gardama ba a ja da shi, kai shi ake yi ya gani. Na yi sallah, na yi wa Malam addu'a, sannan na ci tuwo har da ƙari.