Tanti Habsatou, Wadda Ta Kai Mu Inda Masu Hutu Ba Sa Zuwa

Da hantsin ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, ina tsakiyar darasi, saƙon Saudat ya shigo wayata cewa mahaifiyarta, Hajiya Habsatou Tankari, ta cika a wani asibiti a nan Guangzhou, bayan jinyar kwana tara. Na Allah muke, kuma wurinSa za a mayar da mu. Washegari aka yi mata sutura, aka kai ta makwancinta a maƙabartar Musulmin garin nan.

Tanti, da wannan suna muka san ki, mu ɗalibai, ’yan Najeriya da ’yan Nijar baki ɗaya. Daga Dogonduci kika zo, kika shekara goma sha shida a unguwar Xiaobei ta garin nan kina saro wa matan Yamai da Maraɗi da Kano dogayen riguna da mayafai daga kasuwar Shisanhang. Waɗanda suka yi kasuwanci da ke za su faɗi amanarki, sun fi ni saninta. Ni abin da na sani game da ke, a bakin teku na san shi.

Duk shekara idan aka tashi daga babbar kasuwar baje-koli ta ƙarshen shekara, ’yan kasuwarmu sukan tafi Sanya, a tsibirin Hainan, su huta gajiya. Sukan sauka a manyan otel-otel na gaɓar Haitang, su yi hoto a gefen wurin ninƙaya, su shiga kanti su sayi turare, su dawo suna cewa sun ga teku. Ke kuwa dariya kike yi musu. Kin taɓa ce wa Hajiya Saude, wata babbar dila daga Kantin Kwari, “Hajiya, tagar otel kika gani. Ki biyo ni gobe in nuna miki garin.”

Ba ki da takardar jagoran masu yawon buɗe ido, kuma ba ki taɓa karɓar ladan kowa ba. Ƙafa kawai gare ki da yawan tambaya. Ke kika gano cewa in mutum ya idar da sallar asuba ya nufi inda masunta ke sauke kaya, zai ga jiragen kamun kifi suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi kifinsa yana motsi. Ke kika gano wani lungun gaɓa, bayan wata gonar kwakwa, inda babu ’yan hutu masu tsiraici, mace za ta shiga ruwa da hijabinta har ƙugu ba mai kallon ta. Kin san lokacin da ruwa yake ja baya, matan ƙauye su fito da bokitai suna tonon ƙaguwa. Hajiya Saude da ta rantse ba za ta taka taɓo ba, ita ce ta fi kowa nisa a ranar, har takalminta ɗaya ya nutse, ta koma otel mai hawa ashirin da ƙafa ɗaya a silifas ɗin aro. Har yau in ta ba da labarin sai ta yi hawaye don dariya. Shekaranjiya da ta kira ni daga Kano ta soma ba da shi, ba ta iya ƙarasawa ba.

A watan Nuwamban 2023 mahaifiyata ta rasu a Gwammaja. Kafin labari ya iso ni an riga an rufe ta. Ban yi kuka ba. Na daina zuwa aji, na daina cin abin kirki, na rufe kaina a ɗaki mako uku. Na yanke shawarar barin karatun haɗa magunguna da na shafe shekara uku ina yi, in koma gida, ko da zama ne kawai in yi kusa da kabarinta. Ban faɗa wa kowa ba sai abokiyar ɗakina, ita ce ta je ta same ki.

Ba ki yi mini wa’azi ba. Kin tsaya a bakin ƙofa kika ce, “Najiba, ɗauko jakarki. Ina da mata biyar da zan kai Sanya, kuma gwiwata ta hana ni ɗaukar kaya.” Na san ba don kaya ba ne, amma na ji kunyar in ce miki a’a.

Kwana biyu ina bin ku kamar inuwa. A rana ta uku kika bar sauran a otel, kika tare mana mota mu biyu, muka nufi wajen wani gari da ake kira Tengqiao. Direban ya sauke mu a bakin wata ’yar hanya, muka taka cikin yashi da ciyawa, kina ɗingishi, har muka iso wasu tsofaffin kaburbura dab da teku. Duwatsun kansu gajeru ne, iska ta cinye su, amma a jikin wasu ana iya ganin rubutun Larabci. Kika ce ana faɗin na Musulmi ne da suka zo ta ruwa shekaru aru-aru da suka wuce. Kika yi musu sallama, kika zauna a ƙasa.

“Ɗiyata, dubi waɗannan,” kika ce. “Kina jin iyayensu sun taɓa ganin inda aka sa su? Amma ga mu, daga Dogonduci da Kano, mun zo muna yi musu addu’a. Taki ma za ta isa Gwammaja tun kafin ki sauke hannu. Ba ta neman biza.”

Na ɗaga hannu zan roƙa wa Umma gafara, sai kukan da na riƙe mako uku ya ƙwace mini. Kika bar ni na yi mai isata. Ba ki ce in yi shiru ba, kin dai dafa bayana har na gaji.

Daga nan kika kai ni unguwar Huihui, inda Musulmin Sanya suke da masallatansu. Muka yi azahar, muka shiga shagon abincin wata tsohuwa mai ɗankwali da kuka rungumi juna kamar ’yan ɗaki ɗaya. Ta dafa mana kifi. Kika tambaye ta barkono mai zafi, ta kaɗa hannu ta ce “meiyou”, wato babu, sai kika zaro ƙullin yajin ƙuli daga jakarki, kika barbaɗa mata a tafin hannu ta ɗanɗana. Ta yi ta tari tana dariya. Ranar na cinye kwanona tas. Da muka dawo Guangzhou na koma aji, na zauna jarrabawar da na yi niyyar gudu, na kuma ci.

Ba ni kaɗai ba ce. A zaman makoki na ji wata ɗaliba daga Damagaram tana cewa ke kika kwana uku a kanta lokacin da aka yi mata tiyata. Wani ɗan ƙasar nan mai shago a Shisanhang ya rufe shagonsa ya zo, ya tsaya a bayan sahu da hularsa a hannu har aka gama salla.

Na je duba ki ana saura kwana biyu ki rasu. Numfashi yana yi miki wuya, amma sai da kika tambaye ni yaushe ne bikin yaye mu. Na ce watan Yuni. Kika ce in sa a ajiye miki kujera a gaba, don ba kya son ki yi ta leƙe ta bayan kawunan mutane. Na ce to, na yi miki sai da safe na fita ina sauri kada jirgin ƙasa ya wuce ni. Ban taɓa buɗe baki na ce miki na gode ba, Tanti. Na ɗauka akwai lokaci. Na gode.

Ina miƙa ta’aziyyata ga maigidanta Alhaji Shehu, da ’ya’yanta Saudat da Jabir, da ’yan’uwanta na Dogonduci da Yamai, da dukkan jama’armu ta Xiaobei. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya tsaya muku a bayanta.

Ya Allah, ga baiwarKa Habsatou ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sanya jinyar da ta yi ta zama kaffara. Yadda ta tausaya wa ’ya’yan mutane a ƙasar da ba su da kowa, Ka tausaya mata, Ka sada ta da Annabin rahama. Amin.